Ƙugiya, Hamza da Karan Ɗori: Wa Ke Koya wa Zangon Kumasi Rubutun Hausa?

Hausa ce harshen ciniki da wa'azi da gaisuwar safe a Aboabo da Asawase da Sawaba da sauran unguwannin da ake kira Zango a birnin Kumasi. Da ita Hausawa da Zabarmawa da Fulani da mutanen Moshi da Dagomba da Gwanja suke fahimtar juna, kuma gidan rediyon ƙasa, GBC, ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Sai dai ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Hukumar Harsunan Ghana take kula da su, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani, waɗanda ake buga wa littattafan makaranta. Yaron Zango yana koyon rubutun Turanci da na Twi a aji, yana koyon na Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, amma babu malamin da aka ɗora wa alhakin nuna masa yadda ake rubuta harshen da yake magana da shi a gida. Ranar da zai fara rubuta Hausa, a kan wayar hannu zai yi ko a gaban kwamfuta, kuma abin da madannai suka ba shi, shi zai ɗauka a matsayin ƙa'ida.

Wannan ne ya sa batun da ake ɗauka ƙarami a wasu wurare ya zama babba a can. Ɗalibin Kano ko Zariya da ya buga "kasa" a maimakon "ƙasa" ya san ya yi ganganci, domin an sha jan kunnensa a aji, kuma bakinsa yana bambanta kalmomin biyu. Mai buga katin gayyatar ɗaurin aure a wani shago na Aboabo kuwa, sau da yawa bai ma san akwai abin da ya bari ba. Haruffa masu ƙugiya da hamza da karan ɗori sassan kalmar Hausa ne, darajarsu ɗaya da ta kowane baƙi ko wasali. Wanda ya zubar da su ya rubuta wata kalma daban, ko ya rubuta abin da ba kalma ba. Tun da kuwa manhajojin rubutu irin su Microsoft Word da tsarin Turanci suke zuwa, su ne yau suke yanke hukunci a kan yadda Hausar Ghana za ta bayyana a takarda. Bai kamata a bar musu wannan hukunci ba, balle ma karɓe shi daga hannunsu bai wuce aikin rabin sa'a ba.

Gadon keken rubutu

Ƙarancin alamomi a kan madannai gado ne aka ci. Keken rubutu na kamfanin Remington da ke Amurka ya shiga kasuwa a 1874, shekarar da sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka cinna mata wuta. Inji ne na ƙarfe, kowane harafi da sandarsa, saboda haka masu ƙera shi suka yi tsimi: alama ɗaya ta tsaya wa karan ɗori da alamar ɗebewa ta lissafi da dogon kara, wata miƙaƙƙiyar alama guda kuma ta tsaya wa hamza da buɗe zance da rufe shi. Da kwamfuta ta zo, tsarin ASCII na 1963 ya gaji wannan tsimi, da gurabe 128 kacal, babu ko guda na wani harafin Afirka. Madannan da ake sayarwa yau a Adum da Kejetia jikokin wancan keke ne.

Rubutun Hausa a wannan ƙasa ya girmi matsalar. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawa ƙasar Asante, wato Tonawa, a 1896, Hausawa da sauran Musulmin arewa suka yi ta kwararowa Kumasi. Malamansu da ajami suke rubutu, kuma alƙalamin kara ba ya ƙin harafi. Suna rubuta ƙ da ق, k kuma da ك. Suna rubuta ɗ da ط, d kuma da د. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa cikin Larabci da ajamin Hausa. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa mai juzu'i biyu da R. S. Rattray ya fitar a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a wannan yanki, aka buga rubutun hannunsa tare da juyinsa zuwa boko. Ke nan kakannin mutanen Zango sun san cewa alƙali da kalangu ba da baƙi ɗaya suke farawa a gaɓar da ta dace ba, sun kuma ba kowanne harafinsa.

A ɓangaren boko, an fara da sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko rataya masa wata alama a gefe. A ƙarshen shekarun 1920 wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da ke Landan, wadda masanin harshen Ewe Diedrich Westermann yake cikin jagororinta, ta ba da shawarar a riƙa ƙirƙiro cikakkun haruffa ga sautukan da baƙaƙen Romawa ba su tanada ba. A kan wannan turba ce ɛ da ɔ suka zauna a Twi, ɖ ta zauna a Ewe, kuma cikin shekarun 1930, zamanin Rupert East da hukumar talifi ta Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka zauna a Hausa. Maɗaba'a za ta iya sayo haruffan dalma na musamman, amma mai keken rubutu sai dai ya buga b ya koma ya ɗora mata ƙugiya da biro. Zuwan kwamfuta ya haifar da dabarun wucin gadi. An ƙirƙiro salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, kuma sun yi wa harshen hidima ƙwarai a lokacinsu. Illar irin wannan dabara ita ce, ƙugiyar tana cikin salon ne kawai: a ƙarƙashinta wani harafi ne aka yi wa sabuwar riga. Da zarar takarda ta je kwamfutar da ba ta da salon, sai a ga "qasa" da "xaya" da "vata", ko kuma "}asa" da "]aya" da "~ata". Har yau ana cin karo da maƙalu masu daraja a intanet cikin wannan kama.

"Ai mu ba ma furta su"

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a Zango ita ce wannan, kuma ba ta raini ba ce. Hausar Ghana, wadda masana suke kira Gananci, ta yi nisa da ta Kano ta fuskoki da dama. Masu magana da ita da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b; da yawa sun bar bambancin jinsin namiji da na mace a nahawu; inda Bakano zai ce "kyau" da "gyara", mutumin Kumasi yakan ce "cau" da "jara". Wannan karin harshe ne mai tarihinsa, ba lalacewa ba ce, kuma wanda ya tashi da shi yana da haƙƙin ya tambaya: don me zan wahalar da yatsuna a kan sautin da bakina bai san shi ba?

Amsar tana cikin abincin da ake sayarwa a bakin titin Kumasi. Shinkafa da wake ta Hausawa ita ce Ghana duka take kira "waakye", an rubuta ta bisa ƙa'idar Twi, inda ky take wakiltar sauti mai kama da c. Yaron da ya koyi karatun Twi, in ya ga "kyau" a littafin Hausa, "cau" zai karanta, wato daidai yadda ake faɗa a gidansu. Yaron Katsina kuma zai karanta ta yadda ya saba. Rubutu ɗaya ya ɗauki baki biyu ba tare da ya zalunci kowa ba. Haka ƙugiya take. In an rubuta "ƙasa", babu wanda ya hana mutumin Asawase ya furta ta yadda ya gada, amma mai karatu a Maraɗi ko Sakkwato ya san ƙasar da ake takawa ake nufi. In kuwa aka rubuta "kasa", an tilasta wa kowa ya yi hasashe. Rubutun da ya riƙe bambanci yana yi wa masu bambantawa da marasa bambantawa aiki. Wanda ya share shi, rabin jama'a kawai yake yi wa.

Ana yawan cewa ai mahallin jimla zai warware. Yakan warware, amma ba kullum ba, kuma takardun da aka fi bugawa da Hausa a Zango gajeru ne: sanarwar suna, katin biki, allon tallar shago, takardar addu'ar arba'in, tutar maraba. A gajeren rubutu mahalli kaɗan ne. "Sarkin Zango yana fada" labari ne na yau da kullum. "Sarkin Zango yana faɗa" kuwa labari ne da zai tara mutane. "Ta yi bari" ba ta ce komai ba, "ta yi ɓari" kuma ta ce abin da ake zuwa jaje a kansa. Tsakanin kura da ƙura, ko kafa da ƙafa, ko gaba da gaɓa, ko da da ɗa, ƙugiya ce kaɗai shamaki. Tutar da aka rubuta wa "Maraba da baki" ta yi wa bakunan mutane maraba, ta bar baƙin a tsaye.

Gaskiya ne akwai wahala ga wanda kunnensa ba ya jin bambancin, domin sai ya haddace kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya haddace rubutun Turanci. Amma mutumin Zango yana da tsanin da ba kowa ke da shi ba, wato karatun Larabci. Kalmomin da Hausa ta aro masu ق sau da yawa da ƙ suke zuwa: alƙali, alƙalami, haƙƙi, waƙafi. Masu ط sukan zo da ɗ: ɗalibi, ɗabi'a, sharaɗi, ɗawafi. Masu ع ko ء a tsakiya sukan zo da hamza: jama'a, addu'a, sa'a, ma'ana. Almajirin da malaminsa ya hana shi haɗa ق da ك a karatun allo ya riga ya yi rabin tafiyar. Idan kuma wata rana masana da marubutan Zango suka zauna suka tsara wa Gananci ƙa'idar rubutu ta kansa, wadda ta yar da ƙugiya da gangan, wannan shawara ce da za a saurara a yi muhawara a kanta. Abin da ake gani yanzu ba shawarar kowa ba ce, rashin maɓalli ne a jikin na'ura.

Maƙwabta a gida, maƙwabta a Unicode

Masu Twi ma suna cikin wannan hali, kuma kowa a Kumasi ya san maganin da suka yi wa kansu: lambar 3 a madadin ɛ, rufin baka a madadin ɔ. Ana ganinsu a saƙonnin waya da jikin motocin haya da allunan talla. Abin lura a nan shi ne, mai Twi ya ƙi yarda ya rubuta e a gurbin ɛ; ya gwammace ya ari lamba da ya share bambancin. Mai Hausa a unguwar da ke kusa da shi kuwa ya share nasa ba tare da ya nemi ko da abin aro ba. Dalili a fili yake: ɗaya an koya masa a makaranta cewa harafin yana nan, ɗayan ba a koya masa ba.

Alhali kuwa duka biyun ba sa bukatar aro. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya tanadi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɔ kuma 0254, ƙofa da ƙofa. Sai dai maƙwabtakar tana da tarko guda da ya keɓanta da Ghana. Lambar ɗ ta Hausa 0257 ce, wadda take gabanta kuma, 0256, ita ce ɖ ta Ewe. Ta Hausa ƙugiyarta a sama take, ta Ewe jelarta a ƙasa take. Manyansu ma haka: Ɗ ta Hausa tana da ƙugiya a kafaɗar hagu, Ɖ ta Ewe tana da gicciyayyen layi. Madannan da aka tsara wa harsunan Ghana sukan zo da ta Ewe, kuma mai bugu da ke sauri zai ga d mai wani abu a jikinta ya ɗauka ya samu. A ido bambancin kaɗan ne, amma a wurin na'ura "ɖaki" da "ɗaki" ba su haɗa komai ba. Wanda ya nemi ɗaya ba zai samu ɗayar ba.

Hanyar da ba ta bukatar a saukar da komai ita ce ta lamba. A Word, ana buga lambar harafin sannan a danna Alt da X tare, sai lambar ta rikiɗe ta zama harafi; LibreOffice ma yana yin haka. Ƙananan su ne 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ, 01B4 ga ƴ. Manyan kuma 0181 ga Ɓ, 018A ga Ɗ, 0198 ga Ƙ, 01B3 ga Ƴ. A nan akwai wani tuntuɓe da ya fi samun mai Hausa a kan kowa. Lambobin Unicode suna amfani da haruffa shida, daga a zuwa f, a matsayin alƙaluma, kuma Hausa cike take da a da b da d da f. Wanda yake son rubuta "baƙi" ya buga "ba" ya bi ta da 0199, na'ura za ta haɗa duka ta karanta "ba0199" a matsayin lamba ɗaya, sai ta ƙi motsi ko ta fito da wani abu daban. Haka "faɗa" za ta yi. Maganin shi ne a sa U+ kafin lambar, wato a buga "baU+0199" sannan a danna Alt da X. Mutane da yawa sun gwada wannan hanya sau ɗaya, ta ƙi, suka yanke cewa kwamfutarsu ba ta jin Hausa.

Lamba dai ta mai bukatar harafi ɗaya ko biyu ce. Mai shagon buga takardu ya fi dacewa ya shiga akwatin alamomi na Word sau ɗaya, ya ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya, alal misali Alt da K ga ƙ, daga nan ya huta. Wanda ya fi wannan ma shi ne ya ƙara tsarin madannai na Hausa, domin shi yana aiki a kowace manhaja. Windows yana da shi a cikin jerin harsunansa, manhajar Keyman ta kyauta ce, madannan Gboard na waya suna da Hausa, a Linux kuwa akwai tsari da aka yi wa laƙabi da Hausar Ghana takanas.

Hamza mai juya baya

Matsalar hamza ta fi ta ƙugiya ɓoyuwa, domin a nan na'ura ce take yin ɓarnar da sunan taimako. Word yana sauya miƙaƙƙiyar alama (') zuwa lanƙwasasshiya yayin da ake bugu, yana kuma zaɓar fuskar da za ta kalla bisa dokar Turanci: in ta zo bayan fili, buɗe zance ce (‘), in ta zo bayan harafi, rufewa ce (’). A kalmomi irin su "jama'a" da "ma'aikata" wannan ba ya cutarwa. Amma Hausa tana da kalmomi masu farawa da hamza, kuma na yau da kullum ne: 'ya, 'yar, 'yan, 'yanci. Mai bugu ya rubuta 'ya'ya, na'ura ta ba shi ‘ya’ya, hamza ta farko ta juya wa ta biyu baya. Baƙi ɗaya ne aka maimaita, amma ya fito da sura biyu a cikin kalma ɗaya, kuma mai karatu da ya saba da littafi zai zaci an buɗe zancen wani ne, ya yi ta jiran inda za a rufe. A unguwar da ba a rabuwa da 'yan kasuwa da 'yan uwa da 'yan makaranta, wannan kuskure yana iya fitowa sau goma a shafi guda.

Gyaran yana da sauƙi. In aka danna Ctrl da Z nan take bayan alamar ta lanƙwashe, za ta koma miƙaƙƙiya. In ana son lanƙwasasshiya mai fuskar da ta dace, a riƙe Ctrl a danna maɓallin hamza, a saki, a sake danna shi. Wanda yake yawan rubutun Hausa kuwa gara ya kashe wannan sauyi gaba ɗaya daga wurin saitin gyaran kai-tsaye. A can ne kuma zai iske dokar da take mayar da kowace i da ke tsaye ita kaɗai zuwa babban baƙi, wadda take sa "i zuwa yanzu" ta koma "I zuwa yanzu" a tsakiyar jimla. Ga masu son tsantsar daidaito, Unicode ya ware wata alama mai lamba 02BC (ʼ) domin harsunan da hamza take harafi a cikinsu, kuma ita ce ta fi dacewa da ƙamus ko matanin da za a adana don bincike, saboda na'ura tana lissafa ta cikin kalma. Ga katin biki da takardar makaranta, miƙaƙƙiyar ba ta da laifi. Laifin yana ga mai juya baya, da kuma cakuɗa iri uku a takarda ɗaya.

Nijar ta kauce wa rabin wannan rigima da ta zaɓi ƴ, inda Nijeriya take rubuta 'y. Ghana ba ta da hukumar da ta yanke wa Hausa hukunci, don haka marubucin Zango yana da zaɓi. Tun da akasarin littattafan da za su zo hannunsa daga Kano da Zariya suke, 'y ce ta fi masa sauƙi. Abin da ba shi da kyau shi ne ya fara da "ƴan" ya ƙare da "'yan".

Kara uku, aiki uku

Maɓallin da ke gefen sifiri gajeren kara yake bayarwa (-), kuma shi ne karan ɗori. A Hausa aikinsa na ginin kalma ne. Shi yake ɗaure ninki: kaɗan-kaɗan, maza-maza, iri-iri, tafiye-tafiye, rubuce-rubuce. Shi yake nuna cewa fari-fari bai kai fari ba, ruwa-ruwa kuma ba ruwa ba ne. Shi ne kuma yake mayar da jimla sukutum ta zama suna guda: faɗi-tashi, ɗauki-ba-daɗi, ba-ni-in-ba-ka, a-ci-balbal. "An yi ba-ta-kashi" tana nufin an gwabza. In aka cire karan, aka kuma manne kalmomin yadda aka saba a waya, sai a samu "bata kashi", wadda mai karatu ba zai san ko ɓatawa ake nufi ko korewa ba.

Ƙa'idar karan ɗori ita ce ba a barin fili kafinsa ko bayansa. Masu bugu da yawa suna barin filin don ya yi kyau a ido, kuma a nan ne Word yake shigowa. In ya ga kalma, fili, kara, fili, kalma, sai ya ɗauka jimla ake katsewa, ya miƙe karan ya zama matsakaici (–). "Kaɗan - kaɗan" ta koma "kaɗan – kaɗan", kalma ɗaya ta rabu biyu da shinge a tsakani. In kuma aka buga kara biyu a manne tsakanin kalmomi, ya mayar da su dogon kara (—). Matsakaicin yana da nasa aiki na halal, wato nuna tazara tsakanin lambobi: shafi 12–18, ko shekarun 1892–1896. Ana samunsa da 2013 sannan Alt da X, ko a riƙe Alt a buga 0150 a madannan lambobi na gefen dama. Dogon kuma 2014 ne, ko Alt da 0151. Mai ƙaramar kwamfutar cinya wadda ba ta da madannan gefe, hanyar Alt da X ce tasa.

Dogon kara baƙo ne a zuben Hausa, kuma bai cika samun aikin yi ba. Abin da Bature yake yi da shi, na tsayar da jimla ya cusa bayani, Hausa tana yin sa da "wato" da "kuwa" da "dai" da "fa" da waƙafi. Yana da gurbi a wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari, inda aka katse wa mai magana hanzari. A maƙala kuwa, yawansa yakan nuna cewa da Turanci aka yi tunanin jimlar.

Saura karan ƙarshen layi, wanda ya fi ɓata takardun makaranta. Mai bugun da ya koyi aiki a kan keken rubutu yakan raba doguwar kalma da hannunsa in ta kai gefe. A kwamfuta layi ba ya zama wuri ɗaya. Da an sauya girman haruffa ko faɗin takarda, sai "maka-ranta" ta dawo tsakiyar shafi da karanta a ciki. Idan dole ne a raba, Ctrl da maɓallin kara suna sa ɓoyayyen kara wanda ba ya fitowa sai in kalmar ta faɗo a ƙarshen layi. Akasin haka, in ana son kalma kamar "ba-ni-in-ba-ka" ta zauna a layi ɗaya, Ctrl da Shift da maɓallin kara suna ba da karan da ba ya karyewa. Rabawar kai-tsaye kuwa a bar ta a kashe, domin da gaɓoɓin Turanci take aiki, ba ta san cewa ts da sh da ky da ƙw baƙi ɗaya-ɗaya ba ne, za ta iya yanka "gaskiya" ko "tsuntsu" inda Bahaushe ba zai taɓa numfasawa ba.

Duk wannan aiki yana iya rushewa a matakin ƙarshe, tsakanin shagon da aka buga takarda da maɗaba'un Asafo inda za a wanke ta. Ba kowane salon haruffa yake da ƙugiya ba, musamman masu ado da ake so a katin biki. In salon ba shi da ƙ, manhaja takan aro ta daga wani salo, sai harafin ya fito siriri a tsakanin masu kauri, ko ya fito a matsayin fankon akwati. Times New Roman da Arial na Windows na yanzu suna da haruffan, haka ma Charis da Andika da dangin Noto, waɗanda ake samu kyauta. Kafin a zaɓi salo, ya isa a buga "Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ" a duba su da ido, a ƙara da ɛ da ɔ in takardar tana da sashen Twi, da alamar sidi (₵, lamba 20B5) in akwai farashi a ciki, tun da ita ma sau da yawa da alamar ¢ ta kuɗin Amurka ake musanya ta. Sannan a mayar da takardar PDF kafin a sa ta a filasha, domin PDF yana tafiya da salon haruffansa, ba ya dogara da abin da ke cikin kwamfutar mai maɗaba'a.